Ɗakin Karatu na Jama'a da Amfaninsa Gare Ku

Jama'a 'yan ajin yaƙi da jahilci, ga shi kun kusa ƙare littafinku. Kun san baƙi da wasali, kuna haɗa kalmomi, kuna rubuta sunanku da hannunku. Madalla. Nan gaba kaɗan za a yi muku jarrabawa, wanda ya ci a ba shi takardar shaida. To, bayan nan fa? Me za ku riƙa karantawa in an rufe aji, malami ya koma wani ƙauye?

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Bari in ba ku labarin abin da ya sa na ke yinta.

1. Fartanyar da aka jingine

Sa'ad da na fara wannan aiki ina da wani ɗalibi a wani ƙauye, magidanci mai 'ya'ya biyar. Ya fi kowa ƙoƙari a ajin. Ya ci jarrabawa, aka ba shi takarda, ya sa ta cikin leda ya ajiye a gindin akwati. Tun daga ran nan bai sake duba wani rubutu ba, domin babu littafin boko ko ɗaya a gidansa, babu kuma a gidan maƙwabcinsa.

Bayan shekara uku matarsa ta kwanta ciwo, ya rasa kuɗin magani. Ya tafi wurin wani mai kuɗi don ya jinginar da gonarsa ta fadama. Mutumin ya kawo takarda rubutacciya da Hausa, ya ce, "Sa hannu nan." Ɗalibina ya duba, baƙaƙen suka zama masa kamar jerin tururuwa. Kunya ta hana shi ya ce ba ya iya karantawa, tun da kowa a garin ya san yana da takardar shaida. Sai ya rubuta sunansa, abin da ya rage masa ke nan.

Da kaka ta yi ya sayar da amfanin gona, ya kai kuɗi don ya karɓi fadamarsa. Aka fito da takarda. Ashe ba jingina aka rubuta ba, sayarwa aka rubuta. Sai da aka yi wata da watanni ana zuwa gaban dagaci da hakimi, ana kiran shaidu, kana aka mayar masa da gonar. Noman rani na wannan shekara kuwa ya wuce shi.

Ya zo ya same ni, ya ce, "Malam, karatun nan da ka ba ni ya gudu."

Na ce masa, "Bai gudu ba, tsatsa ya yi."

Karatu kamar fartanya ya ke. Wadda a ke noma da ita kullum bakinta yana ƙyalli. Wadda aka jingine a bayan rumbu, damina ɗaya ta isa ta cinye ta. Laifin kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba. Mu ma da muka koya masa muna da namu, domin mun ba shi fartanya, ba mu nuna masa gona ba. Gonar mai karatu ita ce ɗakin karatu na jama'a.

2. Mene ne ɗakin karatu na jama'a?

Wuri ne da hukuma ko mutanen gari su kan tanada, su tara littattafai da jaridu, don kowa ya zo ya karanta. Waɗansu suna ce masa laburare. Ba aji ba ne, babu malami mai bulala, babu jarrabawa. Ba kanti ba ne, ba a sayar da littafi a ciki. Ba kuma na 'yan makaranta ne da ma'aikata kaɗai ba, ko da ya ke su suka fi cika shi.

An ce na jama'a ne domin da kuɗin jama'a a ke gina shi, da su a ke sayen littattafai, da su a ke biyan ma'aikata. Manomi yana da haƙƙi a ciki kamar yadda likita ya ke da shi. Mace tana da haƙƙi kamar namiji. Wanda ya shiga da takalmin roba da ƙurar hanya a ƙafarsa bai yi laifin kome ba. Kayansa ya zo dubawa.

3. Yadda abin ya faro a ƙasarmu

Tara littattafai ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun kafin zuwan Turawa malamanmu suna da littattafai rubutun hannu, suna adana su cikin gafaka. Almajiri ya kan ari littafi wurin malami ya kwafa, ya mayar. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kan zaɓi mata dattijai da a ke kira jaji, ta koya musu waƙoƙinta na ilmi, su kuma su kai wa matan ƙauyuka. Su ne 'Yan Taru. Kun ga ke nan kai karatu har ƙofar gida tsohuwar al'adarmu ce.

Da boko ya zo sai aka ga masu karatu suna ƙaruwa, abin karantawa kuwa babu. Saboda haka a 1933 aka yi gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East. A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam ne editanta.

A cikin shekarar nan aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, wanda bai ƙare ba sai 1945. 'Ya'yanmu da yawa sun tafi soja, mutane kuwa suna ɗokin jin labari. Sai hukumomin En'e suka buɗe ƙananan ɗakunan karatu a garuruwa, aka zuba jaridu da hotuna da 'yan littattafai. Asalin ɗakunan karatu na jama'a a Arewa ke nan.

A 1952 aka kafa babban ɗakin karatu na Jihar Arewa a Kaduna. Daga nan a kan cika akwatuna da littattafai a aika wa ɗakunan karatu na En'e da makarantu. In sun karanta su mayar, a aiko musu da waɗansu. A 1953 kuma Hukumar UNESCO ta tara masana a Ibadan, suka yi shawara a kan yadda za a yaɗa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka.

A waɗannan shekaru ne yaƙi da jahilci ya kankama a Arewa, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. Dattawan nan sun san aji kaɗai bai isa ba. Don haka Hukumar NORLA da ke Zariya ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha, da jaridun larduna, har zuwa 1959. Kano tana da Sodangi, Katsina tana da Himma, Sakkwato tana da Zaruma, Zariya tana da Bazazzaga.

A 1967 aka raba Arewa jihohi shida. Daga baya aka raba musu littattafan Kaduna, kowace jiha ta shiga kula da nata ɗakunan karatu. A 1980 Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya, don ci gaba da wannan yaƙi da ku ke ciki yau.

4. Mu leƙa na Kano

Babban ɗakin karatu na Jihar Kano yana kan titin Ahmadu Bello, a Nasarawa. An sa masa sunan Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1975 har aka kashe shi ran 13 ga Fabrairu, 1976. Hukumar ɗakunan karatu ta jiha ce ke kula da shi, tana kuma da rassa a waɗansu ƙananan hukumomi. Sauran jihohi ma kowace tana da irin nata a babban birninta.

Ran da ka shigo birni sayar da kaya ko gaishe da mara lafiya, ka keɓe sa'a guda ka leƙa. Gani ya kori ji. A ƙofa za a ce ka ajiye jakarka, kada ka ji haushi, ka'ida ce a kan kowa. In ka shiga za ka ga tebur, da ma'aikaci zaune. Ka yi masa sallama ka ce, "Malam, ni ɗan ajin yaƙi da jahilci ne, ina son littafin Hausa mai manyan baƙaƙe." Kada ka ji kunyar faɗin haka. Aikinsa ke nan, don shi a ke biyansa. Matambayi ba ya ɓata.

In kana son ka zama ɗan gida sai ka yi rajista. Galibi a kan ba ka takarda ka cika, ka rubuta sunanka da garinku da sana'arka. A kan nemi ƙaramin hoto, da sa hannun wani sananne wanda zai tsaya maka. Waɗansu wurare a kan biya 'yan kuɗi kaɗan a shekara. In ka biya, ka karɓi rasit, ka karanta shi kafin ka sa aljihu. Sa'an nan a ba ka kati. Wannan kati shi ne mabuɗinka.

Littattafan iri biyu ne. Akwai na dubawa, watau irin su ƙamus da taswira da littattafan doka. Waɗannan a nan a ke karanta su, ba a fita da su, domin kowa yana bukatarsu kullum. Akwai kuma na aro, waɗanda a kan tafi da su gida, galibi na mako biyu. A kan buga ranar mayarwa a cikin littafin. Amma ku sani, waɗansu ɗakunan karatu sun daina ba da aro, saboda mutane sun yi ta ɗauka ba su mayarwa. Mutum ɗaya ya ci amana, dubu su rasa.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, amma littafin aro dabam ya ke. Takardar ce kawai za ka mayar. Abin da ya shiga kanka ya zama naka har abada.

5. Yadda a ke gane wurin littafi

Wanda ya fara shiga ya ga littattafai dubbai jere a kan katako, sai ya ce, "Ina zan gane wanda na ke so?" Abin ba wuya. Ku tuna da kasuwa. 'Yan hatsi suna da layinsu, 'yan tumaki suna da nasu, 'yan koli suna da nasu. Haka littattafai su ke.

Yawancin ɗakunan karatu na jama'a suna bin tsarin da wani mutumin Amurka, Melvil Dewey, ya fito da shi a 1876. Ya kasa ilmi kashi goma, ya ba kowane kashi lamba. A kan rubuta lambar a ƙeyar littafi. Ga waɗanda suka fi shafarku:

200, addini.
340, doka da shari'a.
400, harsuna da ƙamus.
510, lissafi.
610, lafiya da magani.
630, noma.
636, kiwon dabbobi da kaji.
800, waƙoƙi da labaran hira.
900, tarihi da labarin ƙasa.

Ka ga ke nan lissafin da ka koya a aji ya yi maka rana. In akuyarka ce ba ta da lafiya, ka nufi 636. In ka gama da littafi kada ka cusa shi inda ka ga dama. Ka bar shi a kan tebur, ma'aikaci zai mayar da shi wurinsa. Littafin da aka sa a layin da ba nasa ba, kamar ya ɓata ne.

6. Ayyukan da a ke yi ban da ba da littafi

Mutane da yawa suna zaton ɗakin karatu rumbun littattafai ne kawai. Ba haka ba ne. Mai kyau ya kan zama kamar dandalin gari. Ba kowanne ne ke yin dukan abin da zan lissafa ba. Babba ya fi ƙarami, wani kuma kuɗi sun yi masa ƙaranci. Amma ya kamata ku san su, don ku tambaya, in babu ku nema.

Jaridu. A kan ajiye jaridun Turanci da na Hausa, irin su Aminiya. Sabon mai karatu ya fara da kanun labari, domin baƙaƙensu manya ne. A kan kuma adana tsofaffin jaridu, don wanda ke neman wata sanarwa da ta wuce.

Karanta wa jama'a. A kan sa rana, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su saurara, sa'an nan a tattauna. Wanda bai iya karatu ba ma ya kan ƙaru. Wanda ya fara iyawa kuwa, in yana bin layi da yatsa sa'ad da a ke karantawa, sai ya ga bakinsa yana sakuwa.

Taimakon manoma. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ofishin da ke yaɗa sakamakon binciken ga manoma. Su kan buga 'yan takardu, waɗansu da Hausa. Irin shukar da cibiyar ta fitar sunansa ya kan fara da SAM. Masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA. Mai karatu in ya ga buhun iri ya san abin da ya ke saye. Daga irin waɗannan takardu a kan koyi ajiye wake ba tare da magani ba, a cikin buhu mai ninki uku. Leda biyu masu kauri a ciki, buhu saƙaƙƙe a waje. A busar da wake sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki in suka rasa iska sai su mutu. Takarda guda ta tsirar da waken shekara, ta kuma tsare iyali daga cin guba.

Lacca a kan lafiya. A kan gayyato malamin asibiti ko ungozoma su yi bayani a kan rigakafin yara, da awon ciki, da tsabtar ruwan sha. A nan a kan nuna wa mutane inda a ke rubuta ranar lalacewar magani a jikin kwali. Uwa in ta iya karanta wannan 'yar lamba ba za a sayar mata da mataccen magani ba.

Sashen yara. A kan keɓe musu ɗaki mai ƙananan kujeru da littattafan hotuna. A kan yi musu tatsuniya da kacici-kacici da gasar karatu, musamman lokacin hutu. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In za ka je, ka riƙo hannun ɗanka ko 'yarka.

Mata. Matan da ba su fita ba a manta da su ba. Miji ko ɗa yana iya aro ya kai gida. Malamar ajin mata kuma tana iya karɓo littattafai da sunan ajinta, ta rarraba, ta tattara. Aikin jaji ke nan ya komo.

Makafi. Akwai rubutun da a ke karantawa da yatsa. Wani Bafaranshe makaho, Louis Braille, shi ya ƙago shi, da ɗigo shida masu tudu a ke haɗa kowane baƙi. Waɗansu manyan ɗakunan karatu suna ajiye irin waɗannan littattafai. Inda babu, mai ido ya karanta wa mara ido.

Kwamfuta da intanet. Manyan ɗakunan karatu su kan keɓe ɗaki na kwamfuta. Wannan ya shafe ku ƙwarai, domin tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB da kwamfuta a ke yinta. Yaron ƙauye da bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ran jarrabawa, ko ya san amsa hannunsa zai yi rawa. Gara ya saba tun da wuri.

Cika takardu. Yau kome sai da takarda, ko asusun banki, ko rajistar haihuwa, ko neman taki. Ma'aikacin ɗakin karatu yana iya nuna maka inda za ka rubuta me. Amma ka lura, nuna maka zai yi, kai za ka rubuta. In kuwa takardar ciniki ce ko ta bashi, ka karanta ta sau biyu, ka kuma sa wani amintacce ya karanta maka, kana ka sa hannu.

Taron marubuta. Marubutan Kano sun sha yin zama a ɗakin karatu na Murtala Muhammad. Mutum ya karanta waƙarsa ko labarinsa, 'yan'uwa su yi masa gyara. Kai ma wata rana kana iya rubuta tarihin garinku. Da rarrafe yaro kan tashi.

Tsofaffin takardu. In kun gaji littattafan Larabci ko na ajami daga kakanni, kada ku bar su gara ta cinye. Akwai wuraren da suka san adana su, kamar Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna. Ma'aikacin ɗakin karatu zai ba ku shawarar inda za ku dosa.

Akwai kuma ranaku biyu da a kan yi taro. Ran 23 ga Afrilu ita ce ranar littafi ta duniya. Ran 8 ga Satumba kuwa ranar yaƙi da jahilci ce ta duniya, watau ranarku.

7. In babu ɗakin karatu a garinku fa?

Na san abin da waɗansunku za su ce. "Malam, mu ina mu ina Kano? Kuɗin mota ma ya fi kuɗin littafi." Gaskiyarku. Ba zan ɓoye muku ba, ƙauyuka da yawa ba su da ɗakin karatu. A waɗansu garuruwa akwai ginin, amma ƙofa a kulle, rufi yana yoyo, littattafan kuwa sun tsufa. To, sai mu naɗe hannu? A'a. Ga abu biyu da za ku yi.

Na fari, ku nema. Ku rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku, ku bi ta hannun dagaci da kansila, ku aika da kwafi ga hukumar ɗakunan karatu ta jiha. Ku faɗi sunan garinku, da yawan waɗanda suka iya karatu, da ɗakin da ku ke da shi. Kowa ya sa hannu da alƙalami, kada wanda ya dangwala yatsa. Takarda mai sa hannun manoma talatin tana da nauyi. In ba a amsa ba ku sake rubutawa.

Na biyu, kada ku jira. Ku fara da akwati guda, kamar yadda aka yi a da. Ga yadda za ku yi:

Ku zaɓi mutum biyar su kula da abin, a sa mata a ciki. Ku nemi akwatin ƙarfe mai makulli. Ku roƙi wurin ajiya, ko zauren mai unguwa, ko aji guda a makarantar firamare. Da kaka kowa ya kawo mudun hatsi gwargwadon ƙarfinsa, a sayar, a aiki mutum biyu birni su sayo littattafai, su kawo rasit. Ku kuma tambayi 'ya'yan garin da ke aiki a birni, da yawa suna da littattafan da suka gama da su.

Sa'an nan ku sami littafin rubutu guda, ku ja layi huɗu: sunan mai aro, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Ko ɗan dagaci ne ya ɗauka, a rubuta. Ku sa rana guda a mako, bayan la'asar, a buɗe akwati, a yi karatu da ƙarfi na rabin sa'a, kana a ba da aro.

Ku yi wannan lissafi. In ku talatin ne a aji, kowa ya kawo littafi ɗaya, kun sami 30. In kowane littafi ya kan ɗauke ka mako 2, kafin ka gama su duka sai ka yi mako 60. Shekara kuwa mako 52 ce. Watau da kuɗin littafi ɗaya ka sami karatun fiye da shekara. In kun gama, ku yi musanya da akwatin ƙauyen da ke kusa da ku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. Kula da littafi

Littafi yana da abokan gaba: gara, da ɓera, da kyankyaso, da ruwa, da hannu mai maiƙo. Ku ɗora akwati a kan duwatsu ko benci, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. Ku riƙa buɗe shi kuna kakkaɓewa, musamman da damina. Busasshen ganyen darbejiya a cikin akwati yana taimakawa wajen korar ƙwari.

In ka ari littafi, ka wanke hannu kafin ka buɗe. Kada ka naɗe shi ka cusa aljihu. Kada ka lanƙwasa kunnen shafi, ka sa tsinke ko 'yar takarda inda ka tsaya. Kada ka yi rubutu a ciki. Kada ka yage shafi don ƙunshin ƙosai ko taba. Ka ajiye shi inda akuya da ƙananan yara ba su kaiwa. In ya ɓata ko ya lalace a hannunka, ka je ka faɗi gaskiya, ka biya. Ran mayarwa kuwa ka mayar, ko ba ka gama ba. Kana iya roƙo a ƙara maka kwanaki.

9. Ɗalibina

Ku kan so ku ji ƙarshen mutumin nan. Ya sake shiga aji, yana zaune tare da sa'o'in ƙannensa, bai ji kunya ba. Gemu ba ya hana ilmi. Cikin wata biyu karatunsa ya komo, domin tsatsa ce kawai a ke kankarewa. Da aka kafa akwatin littattafai a garinsu, shi aka ba makulli. Yanzu duk wanda aka kawo wa takardar ciniki ko ta jingina a garin, wurinsa ya kan fara zuwa. Shi kuwa ba ya karanta wa ɗan aji. Ya kan miƙa masa takardar ya ce, "Fara karantawa, inda ka tsaya na taimake ka."

Saboda haka ran da aka ba ka takardar shaida, kada ka ce ka gama. Ka ajiye ta a akwati, ka fito da littafi. Ko shafi ɗaya ne a yini, ka karanta.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗalibin nan ya manta karatunsa?
2. Da kuɗin wa a ke gina ɗakin karatu na jama'a?
3. A wace shekara aka kafa babban ɗakin karatu na Kaduna?
4. Mene ne bambancin littafin dubawa da littafin aro?
5. Wace lamba za ka nema in kana son littafin noma?
6. Faɗi abokan gaban littafi guda huɗu.
7. In ku 20 ne a aji, kowa ya kawo littafi ɗaya, mako nawa za ka yi kafin ka karanta su duka, in kowanne yana ɗaukarka mako 2?
8. Rubuta 'yar wasiƙa zuwa ga dagacinku, ka roƙe shi wurin ajiye akwatin littattafai.